Roselle da Makahon da Ta Yi wa Jagora: Zumuncin da Ba Ya Wuce 'Yan Shekaru

Da misalin ƙarfe 8:46 na safiyar Talata, 11 ga Satumban 2001, wata karyar jagora mai suna Roselle tana kwance a ƙarƙashin tebur tana sharar barci. Daren jiya ba ta samu ta runtsa sosai ba. An yi ruwa da tsawa a garin Westfield na jihar New Jersey, ita kuwa duk duniya ba abin da take tsoro kamar tsawa. Sai da maigidanta, Michael Hingson, ya tashi cikin dare ya zauna tare da ita har hadarin ya wuce.

Ofishinsa yana hawa na 78 a benen arewa na tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York. Hingson makaho ne tun yana jariri, kuma shi ne manajan ciniki na wani kamfanin kayan kwamfuta mai suna Quantum a wannan shiyyar. Ana cikin shirin ganawa da baƙi sai aka ji wata ƙara, ginin ya karkata gefe guda kamar zai kife, sannan ya dawo a hankali ya tsaya.

Abokin aikinsa, David Frank, ya leƙa ta taga ya ga hayaƙi da wuta, ga takardu suna zubowa daga sama, nan take ya ruɗe yana cewa a fita yanzu-yanzu. Hingson bai ga ko ɗaya daga ciki ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne Roselle ta fito daga ƙarƙashin tebur hankalinta kwance, tana kaɗa wutsiya. Karyar da tsawa ke sa ta karkarwa ba ta nuna alamar firgita ba. Daga nan ya gane cewa ko mene ne ya faru, wutar ba ta iso inda suke ba tukuna, akwai sararin a fita cikin tsanaki.

Kusan duk shekara idan Satumba ta zagayo, sai jaridun Amurka sun tono wannan labarin. Abin da ba kasafai suke tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya biyo baya shekara goma, wanda kuma yake jiran duk makahon da ya riƙi karen jagora. Mutum yana iya kai shekara saba'in ko tamanin, karen da ya zame masa ido kuwa da wuya ya wuce takwas yana aiki.

Matakala 1,463

Jirgin sama ne ya daki ginin, kamar hawa 15 a samansu. Ba maganar shiga lif, don haka suka bi matakala. Hingson ya kama mariƙin ɗamarar fatar da ake ɗaura wa karen jagora a ƙirji da gadon baya, ya ba ta umarni, suka fara gangara. Matakala 1,463 ke tsakaninsu da ƙasa.

Warin man jirgi ya cika wurin, zafi yana ƙaruwa, mutane sun yi cunkoso. Can sai a ce a matsa gefe, a wuce da wanda ya ƙone. Roselle tana haki, amma ba ta saki aikinta ba.

Da suka yi nisa sai suka fara karo da 'yan kwana-kwana suna hawa da kaya niƙi-niƙi a bayansu. Ɗaya ya tsaya ya dage sai ya haɗa makahon da wanda zai raka shi. Hingson ya ce ba ya bukata, yana da jagora. Mutumin ya sunkuya ya shafa kan Roselle, ta lashi hannunsa, ya ci gaba da hawa. Ƙa'ida ita ce ba a taɓa karen jagora yana bakin aiki, amma Hingson bai hana ba. Daga baya ya sha faɗin cewa wataƙila wannan ce soyayya ta ƙarshe da aka nuna wa mutumin a duniya. 'Yan kwana-kwana 343 ne suka mutu a ranar.

Saukar ta ci kusan awa guda. Ba su yi nisa da fitowa ba sai benen kudu ya rufto da ƙarfe 9:59. Ƙura ta turnuƙe har mai ido ya koma daidai da makaho. Suna cikin gudu Roselle ta ja ta tsaya cik. Hingson ya laluba, ashe bakin matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ne. A can ciki suka tarar da wata mata tana kuka ƙura ta rufe mata ido, makahon ne ya riƙe hannunta ya kwantar mata da hankali.

Da suka isa gida da dare aka kwance mata ɗamara, sai ta nufi Linnie, tsohuwar karyar da ta yi masa jagora kafin ita, suka hau wasa.

Ba Roselle ce kaɗai karen jagora a ginin ba. A hawa na 71 akwai Omar Rivera, makaho ɗan asalin Kolombiya, da karensa Salty, su ma sun sauko lafiya. A 2002 wata ƙungiyar kula da dabbobi ta Birtaniya ta ba karnukan biyu lambar Dickin, wadda tun lokacin yaƙin duniya na biyu ake ba dabbar da ta nuna jarumta.

Wa ke jan wani?

Masu ba da labari sun fi son su ce karya ta ceci makaho. Hingson ya daɗe yana gyara musu zancen, kuma yana da gaskiya. Tun kafin ranar ya bi ginin lungu-lungu, ya san ƙofofin fita da tsarin kashe gobara, domin ba zai iya karanta allon da ke nuna hanya ba idan ta ɓaci. Roselle ba ta san ina ne matakala mafi kusa ba. Shi ya sani.

Haka aikin yake a ko'ina. Karen jagora bai san ina ne banki ko asibiti ba, kuma ba ya karanta fitilar ba da hannu. Makahon ne ke riƙe da taswirar gari a kansa, yana ƙirga mararraba, yana sauraren motoci, idan ya ji hanya ta buɗe ya ce a tafi. Makahon ne direba, kare kuwa fitila da birki. Shi ke kauce wa rami da turke, ya tsaya a bakin titi da bakin matakala, ya kuma lura da reshen itace ko rumfar da ba za ta taɓa shi ba amma za ta daki goshin maigidansa.

Mafi wahalar abin da ake koya masa shi ne ƙin bin umarni idan bin zai jawo halaka. Maigida ya ce a tsallaka, kare ya hango motar da kunne bai ji ba, sai ya toge. Yanzu da motoci masu amfani da lantarki suka yawaita, waɗanda ba a jin ƙararsu, wannan darasin ya ƙara daraja.

Sauran zancen duk ta mariƙin ɗamara yake bi. Makahon da ya saba da karensa yana jin ɗan jinkiri ko karkata a tafin hannunsa, ya san akwai wani abu a gaba. Shi ma karen yana gane ranar da maigidan ya gaji ko ransa ya ɓaci. Masu koyarwa kan ce sai an yi wata shida zuwa shekara ana tafiya tare kafin jinin mutum da na karensa su haɗu sosai.

Daga makafin yaƙi zuwa titin New York

Yaƙin duniya na ɗaya ne ya haifi wannan sana'a. Dubban sojojin Jamus sun dawo gida ba ido, da yawansu saboda iska mai guba. A 1916 aka buɗe makarantar horar da karnukan jagora a garin Oldenburg, daga baya aka buɗe wata babba a Potsdam.

Wata Ba'amurkiya mai kiwon karnuka a Suwizalan, Dorothy Harrison Eustis, ta ziyarci ta Potsdam, ta rubuta abin da ta gani a wata mujallar Amurka a 1927. Aka karanta wa wani saurayi makaho a Nashville, Morris Frank, rubutun. Shi ya rasa ido ɗaya yana yaro a kan doki, ɗayan kuma a wajen dambe yana ɗan shekara 16. Samari yake biya suna yi masa jagora, yau su zo gobe su ƙi zuwa. Ya rubuta mata takarda cewa idan ta taimake shi, shi ma zai taimaki 'yan uwansa makafi.

A 1928 ya tafi Suwizalan, aka haɗa shi da wata karya da ya sauya wa suna zuwa Buddy. Da ya sauka daga jirgin ruwa a New York, 'yan jarida suka ce in gaskiya ne ya tsallaka titin West Street, wanda ko masu ido suna shakkarsa saboda manyan motoci. Buddy ta ratsa da shi. A 1929 shi da Eustis suka kafa makarantar The Seeing Eye, wadda har gobe tana aiki a New Jersey. Birtaniya ta bi sahu a 1931.

Buddy ta mutu a 1938. Duk karen da Frank ya riƙe bayanta har rasuwarsa a 1980, Buddy ya sa masa suna.

Kafin a ɗaura ɗamara

Yawancin makarantun su ke kiwon karnukansu, galibi jinsin Labrador irin Roselle, da Golden Retriever, da karen makiyayan Jamus. Idan kwikwiyo ya kai wata biyu sai a miƙa shi ga wani gida na 'yan sa-kai. Shekara guda da 'yan watanni za su yi suna yawo da shi kasuwa, tashar mota, gidan abinci, har ya daina razana da hayaniya, ya kuma koyi kwanciya shiru a ƙarƙashin kujera. Daga nan su mayar da shi. Su ne mutanen farko da ke kukan rabuwa da shi.

Sai horo na 'yan watanni a hannun ƙwararru. Da dama ba sa kai labari: wani tsoro, wani kwaɗayi, wani ba ya iya ganin kyanwa ya ƙyale. Wanda ya tsallake sai a nemo masa mutumin da suka dace, a duba saurin tafiyarsa, ƙarfin hannunsa, da irin garin da yake zaune. Makahon zai zo makaranta ya yi makonni ana koya musu tafiya tare.

Kuɗin da ake kashewa a kan kare ɗaya yakan kai dala dubu 50 ko fiye, kusan duka daga gudummawar jama'a. Wasu makarantun kyauta suke bayarwa. The Seeing Eye kuwa dala 150 take karɓa a karen farko, kuma tun shekarun 1930 ba ta ƙara ko sisi ba. Hujjarta ita ce wanda ya biya, ko kaɗan ne, ba sadaka aka ba shi ba.

Rabuwa biyu

An haifi Roselle a 1998, aka haɗa ta da Hingson a ƙarshen 1999 a makarantar Guide Dogs for the Blind ta Kalifoniya. Ita ce ta biyar a wurinsa, domin tun yana ɗan shekara 14 yake riƙe karen jagora. Idan an ɗaura mata ɗamara ba wasa. Idan an kwance kuwa ɓarauniyar safa ce, ta ɗauke ta kai wani lungu ta ɓoye.

A 2004 aka gano tana da wata cutar jini wadda jiki ke cinye ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Hingson yana zargin ƙurar da ta shaƙa a ranar harin. Aka ɗora ta a kan magani, ta ƙara shekara uku tana aiki, a 2007 aka yi mata ritaya.

Ritaya ita ce rabuwar farko, wasu makafin ma sun ce ta fi ciwo. Kare ya tsufa, ya fara jinkiri a bakin titi, ko ido ya fara yi masa hazo. Maigidan ne ke fara ganewa, shi ne kuma na ƙarshe da ke yarda. Idan yana da hali ya bar shi a gida ya huta, in babu sai a mayar da shi gidan da suka raine shi ko a nemo masa wani. Wanda aka bari a gida kuwa yakan taso da gudu duk safiya idan ya ji motsin ɗamara, sai ya ga an ɗaura wa wani an fita an bar shi.

Roselle ta ci gaba da zama a gidan Hingson har shekara huɗu. A ƙarshen Yunin 2011 jikinta ya rikice, likitan dabbobi ya ce gyambon ciki ne. Ta mutu ranar 26 ga watan tana da shekara 13. Bayan 'yan makonni littafin da Hingson ya rubuta a kanta tare da Susy Flory, mai suna Thunder Dog, ya fito, kuma a wannan shekarar jama'a suka zaɓe ta gwarzuwar karnukan Amurka. Makarantar da ta horar da ita ta ɗauki hanyar da ta saɓa da ta Morris Frank: ta ce ba za a sake sa wa wani karenta suna Roselle ba.

Hausawa na cewa sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba. A nan sabon ya wuce na mai gida da dabbarsa. Wanda ke kiwon kare don sha'awa yana barinsa a gida ya tafi aiki. Makaho kuwa tare suke a ofis, a jirgi, a ɗakin likita, dare da rana, fiye da yadda yake tare da matarsa ko 'ya'yansa. Ranar da karen ya faɗi, aboki ya tafi, saurin tafiya ya tafi, hanyar da ake bi ba tunani ta koma sai an laluba da sanda. Ga shi kuma ba lallai a samu wani nan kusa ba. A Birtaniya, bayan annobar korona ta tsayar da kiwo da horo a 2020, jira ya kai shekara ɗaya zuwa biyu ga mutane da yawa.

Idan sabon karen ya zo, wata matsalar ce. Masu koyarwa sun san ta sarai: mutum ya riƙa auna kare na biyu da na farko, komai ya yi bai yi ba, har wani lokaci a mayar da shi makaranta ba da laifinsa ba. Shi ya sa manyan makarantun suke da masu ba da shawara na musamman don makafin da ke cikin jimami.

Ba kowane makaho ke so ba

Ko a Amurka da Birtaniya, masu karen jagora 'yan kaɗan ne a cikin makafi. Mafi yawa farar sanda suke riƙewa, wasu kuma da gangan suka zaɓe ta. Sanda ba ta cin abinci, ba ta ciwo, ba a fita da ita bayan gida cikin sanyin asuba, idan ta karye a sayi wata. Tana kuma gaya wa mutum abin da ke gabansa, alhali kare kewaye shi yake yi ba tare da maigidan ya san da shi ba. Akwai masu ƙorafin cewa da zarar ka riƙi kare, mutane da shi suke gaisawa, kai ka zama ɗan rakiya.

Sai kuma wulaƙancin ƙofa. Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 da dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 sun hana a kori makaho daga shago ko tasi saboda karensa, amma har yanzu ana yi. A Birtaniya an sha gurfanar da direbobin tasi a kan haka, cikinsu har da Musulmi da suka kafa hujja da addini.

Malaman can ba su goyi bayansu ba. A 2008 wata majalisar shari'ar Musulunci ta Birtaniya ta ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho a Leicester damar zuwa masallaci da karensa. Aka keɓe wa karen wuri daga bakin shiga, nesa da sahu, ya kwanta har a idar da salla.

Da a nan ne fa?

Bahaushe zai ji wannan labarin da ɗan ɗaure fuska, domin a wurinmu kare na farauta ne da gadi, wurinsa waje, sunansa ma zagi ne. Sai dai ta fuskar fiƙihu ƙofar ba a rufe take kamar yadda ake zato ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne kawai. An halatta riƙe shi don farauta da kiwo da gona. Masu sharhin Risala ma suna kawo labarin cewa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron maƙiya. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta haka, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye.

Abin da zai fi hana ruwa gudu yana kan titi. An horar da karen jagora ne don garin da ke da hanyar masu tafiya a ƙasa da mararraba mai ƙa'ida. A Kano ko Zinder zai tarar da kwata a buɗe, mai shayi ya kafa tebur a kan hanya, adaidaita sahu da babur suna fitowa ta inda ba a zata ba. Ga kwaltar watan Afrilu da za ta ƙona masa tafin ƙafa, ga karnukan unguwa da ba a yi wa rigakafin hauka ba, ga yara da duwatsu. Kuɗin abincinsa da maganinsa kaɗai ya fi ƙarfin yawancin gidaje. A Afirka, ƙasar da ta yi nisa a wannan aiki ita ce Afirka ta Kudu, inda aka kafa ƙungiyar karnukan jagora tun 1953.

Mu namu jagoran mutum ne, kuma yawanci yaro. Kowa ya san hoton: dattijo a baya, yaro ko yarinya a gaba, sanda a tsakaninsu. Har mutum-mutuminsa aka yi aka kafa a harabar Hukumar Lafiya ta Duniya a Geneva, don tunawa da yaƙi da makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa a Afirka ta Yamma. Tsakanin makaho da ɗan jagoransa ma akwai shaƙuwa mai ƙarfi, sau da yawa ɗansa ne ko jikansa. Amma kowace safiya da yaron ya kama sanda, ajinsu na can ana karatu ba shi.

Najeriya ta samu dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a farkon 2019, aka kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika, titunan suna nan yadda suke. Abin da ke iya sakin hannun wannan yaron a yau ba kare ba ne na dala dubu 50. Farar sanda ce mai araha, da malamin da zai koya wa makaho tafiya da ita shi kaɗai, irin horon da makarantun makafi kamar ta Gindiri a jihar Filato suke bayarwa, sai kuma murfi a kan kwata.